Yadda za ka sa ido a kan kwaɗon dutse kafin zafi ya ƙure masa wuri

A Kumbo ta ƙasar Kamaru aka haife ni, a unguwar Hausawa, kuma zuma ce ta fara kai ni Oku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sarin farar zumar nan yake yi, wadda take daskarewa kamar man shanu, yana kai wa masu saye a Bamenda. Ina ɗan shekara 12 ya fara tafiya da ni. Wata safiya muka tsaya a bakin tabkin da ke kan Dutsen Oku, sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya kwanta a kan ruwa har ba ka hango ɗaya gaɓar. Na durƙusa ina kallon ruwan sai na ga wani abu ya motsa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Ɗan kwaɗo ne da bai fi babban yatsa tsawo ba, bayansa ruwan zuma da ɗigo-ɗigo, cikinsa ruwan goro, ƙafafun bayansa fanka-fanka, da 'yan farata baƙaƙe a bakin yatsun. Bai yi tsalle ya hau tudu ba kamar kwaɗin gidanmu. Baya ya ja, ya nutse, ya shige cikin laka.

Sai da na girma na zama malamin kimiyya a sakandare, na kuma riƙa raka masu bincike ina ɗaukar musu kaya ina yi musu tafinta, sannan na san wanda na gani. Masana suna kiransa Xenopus longipes, a 1991 aka yi masa rajista a matsayin nau'i mai zaman kansa, kuma duk faɗin duniyar nan babu inda yake rayuwa a daji sai wannan tabki ɗaya, Tabkin Oku, a arewa maso yammacin Kamaru, sama da mita 2,200 daga doron teku. Mu mutane rukuni 2 na ƙwayoyin gado muke ɗauke da su, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Shi rukuni 12 gare shi, abin da ba kasafai ake samu a dabba ba. Hukumar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a matakin da daga shi sai ƙarewa.

Abin da zan koya maka a nan aiki ne da kowa zai iya, in dai yana zaune kusa da tsauni mai sanyi: yadda za ka bibiyi kwaɗin dutse shekara da shekaru, ka gane ko zafi na matsa musu, ba tare da kai kanka ka zame musu annoba ba. Da Oku zan yi misali domin shi na sani. Amma jerin tsaunukan nan bai tsaya a kan iyaka ba, ya miƙe har Mambila da Cabbal Waddi mai tsawon mita 2,419 a Jihar Taraba, da Cabbal Mbabo kusa da Banyo inda nake koyarwa yanzu. Mutumin Gembu ko Nguroje zai iya ɗaukar duk abin da zan faɗa ya yi aiki da shi a ƙoramar bayan gidansu.

Ka fara sanin abin da kake nema

Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana sauka da kimanin digiri 6 da rabi. Juya lissafin: in duniya ta ƙara digiri 1, sanyin da kwaɗo ya saba da shi ya haura sama da kusan mita 150. Dabbar da ke gindin dutse sai ta bi shi ta hau. To wadda take can ƙoli fa? Dutsen Oku mita 3,011 ne, a yankin nan Dutsen Kamaru kaɗai ya fi shi. A cikin ciyawar da ke dab da ƙolinsa akwai wani ɗan kwaɗo, Wolterstorffina chirioi, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai nan, wajen mita 3,000. Mita nawa suka rage masa? Bayan ƙoli sai sararin samaniya. Na tabkin kuma nasa ya fi tsanani ta wata fuskar, domin a ruwa yake kwana a ruwa yake tashi, tabkin kuwa ramin tsohon aman wuta ne, ba ya hawa ba ya sauka. Iyayenmu na cewa duniya juyi-juyi ce, in ji kwaɗo da ya faɗa ruwan zafi. Wannan bai faɗa ko'ina ba, yana gidansa ruwan yake ɗumama a kansa.

Kwaɗo ba ya haɗa zafin jikinsa, na wurin da yake zaune yake ɗauka. Da fata yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashi, kuma ƙwansa ba shi da ɓawo. Saboda haka ba zafi kaɗai za ka sa wa ido ba. Ka kula da damshi. Dajin kan dutse da hazon ruwa yake rayuwa, wanda ke sauka da yamma ya jiƙa gansakuka da ganye ko ba a yi ruwan sama ba. In ƙasa ta ɗumama, gajimaren yana ɗagawa sama, sai ka ga gangaren da ya saba kwana a jiƙe ya fara kwana a bushe. Kada ka haɗa shi da hazon ƙura na hunturu, wannan busarwa yake yi.

An ga ƙarshen irin wannan labari a wani wuri. A dajin Monteverde na ƙasar Kosta Rika, a 1987 an ƙirga wasu kwaɗi masu ruwan zinariya kusan 1,500 a kududdufan da suke haihuwa. Shekarar ta zo da fari da zafi, kududdufan suka ƙafe da ƙwai a ciki. A 1989 namiji ɗaya aka gani, daga shi ba a sake ganin ko ɗaya ba. Babban binciken da aka fitar a 2023, wanda ya duba nau'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu, ya samu kashi 41 cikin 100 suna fuskantar ƙarewa, kuma a cikin waɗanda halinsu ya ƙara muni tun daga 2004, kashi 39 cikin 100 sauyin yanayi ne babban sanadi. Shekarar 2024 kuma ita ce mafi zafi tun da aka fara rubuta awo, kusan digiri 1 da rabi sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu.

Amma in gaya maka ra'ayina tun da wuri: ba na son mutum ya ga mataccen kwaɗo ya ce sauyin yanayi, shi ke nan ya tafi. Zafi ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tarar da gatari ya rage inuwa, wuta ta cinye ciyawa, cuta tana jira. Aikin mai sa ido shi ne ya rubuta kowanne a gurbinsa.

Kafin ka taka ruwa

Nemi izini. Tabkin Oku wuri ne mai alfarma a wurin mutanen Oku, akwai al'adun da suke yi a can, kuma fadar Fon, wato sarkin Oku, da ke Elak ce ke da magana a kansa. Mu baƙi ne ko da an haife mu a maƙwabta. Ka je ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Kama kwaɗo ko fitar da shi kuma sai da takardar ma'aikatar gandun daji da namun daji, kai kuwa ba kamawa za ka yi ba, kallo da rubutu ne naka. Tun da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya ɓarke a ƙarshen 2016, hawa Oku ya zama sai an yi tambaya an sake tambaya. In mutanen gari suka ce kada ka hau, kada ka hau. Babu ƙirgen da ya kai ranka.

Yanzu takalmi. A nan zan daɗe, domin a nan ne mai kyakkyawar niyya yake yin ɓarna mafi girma.

Akwai wata irin funfuna da masana ke kira kitirid, ido ba ya ganinta, a ruwa da laka take yawo. In ta kama kwaɗo fatarsa take kaurarawa, gishirin jikinsa ya rikice, zuciya ta tsaya. Binciken 2019 ya danganta ta da raguwar nau'i 501 a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Tsakanin digiri 17 zuwa 25 ta fi yaɗuwa, wato daidai yanayin tsaunukanmu. A 2016 masu bincike suka wallafa cewa kwaɗi da dama sun ragu ƙwarai a Dutsen Oku da Dutsen Manenguba a daidai lokacin da funfunar ta yawaita a can. Akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo na dajin da ke kewaye da tabkin, Phrynobatrachus njiomock, da a da ake cin karo da shi a sauƙaƙe, rabon da a gan shi tun 2010. Ga kuma inda ta haɗu da yanayi: in rani ya yi tsawo, kwaɗin gangare guda sukan taru a ɗan damshin da ya rage, jiki na gugar jiki, mai cuta ya shafa wa mai lafiya.

Ranar da na fara raka masu bincike, mun gama da wata ƙorama a ƙasa kusa da gonakin dankali, na saɓa kaya na kama hanyar sama da takalmin robana cike da laka. Wata dattijuwa a cikinsu ta riƙo hannuna ta ce, "Malam, zauna." Ta ciro buroshi da kanta ta durƙusa ta fara kankare ƙasan takalmina. Na ce, "Haba Mama, bari in yi." Ta ce in kalla da kyau tukuna. Ta nuna min 'yar lakar da ta maƙale a tsagin dunduniya, ba ta fi ƙwayar wake ba, ta ce wannan ta isa ta kai cuta inda ƙafar kwaɗo ba za ta taɓa kai ta ba. Tun daga ranar ban sake haɗa ruwa biyu da takalmi ɗaya ba tare da wanki ba.

Ga yadda ake yi. Kankare lakar tas tukuna, domin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ba ya ratsa laka. Sannan ka zuba bilic, wanda mu a Kamaru muke kira javel, awo 1 cikin ruwa awo 9 a bokiti, ka tsoma takalmin minti 15. Ɗauraye da ruwan da ka zo da shi a jarka, ka zubar da na bokitin a kan busasshiyar hanya nesa da ƙorama, domin bilic ɗin kansa guba ne ga kwaɗo. In ka dawo gida ka shanya komai a rana ya bushe ƙarau ciki da waje, funfunar ba ta jure bushewa ta awanni. In kana da hali ka sayi takalmi biyu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, ya fi sauƙi. Sanda, bokiti, igiyar awo, duk abin da ya taɓa ruwa hukuncinsa ɗaya.

Kada ka taɓa kwaɗo da hannu. Man shafawa, sabulu, maganin sauro, taba, duk suna shiga ta fatarsa. Kuma zafin tafin hannunka kaɗai wahala ne ga dabbar da ta saba da ruwa mai sanyi.

Wuri uku, lokaci ɗaya, littafi ɗaya

Zaɓi wuri uku a tsayi daban-daban: ɗaya a bakin gonaki, ɗaya a cikin daji, ɗaya a ciyawar sama inda marmaro ke tsattsafowa. Wayarka za ta ba ka tsayin kowanne. A kowane wuri auna mita 100 a gefen ruwa, ka sa alama da dutse a farko da ƙarshe. Waɗannan su ne wurarenka har abada. Kada ka sauya don ka ji an ce wani kwari ya fi kwaɗi. Mutumin da ke bin inda kwaɗi suke kullum zai ga kwaɗi, har ranar da za su ƙare bai sani ba.

Ku tafi ku biyu, bayan magariba da kamar rabin awa, da tocila ta goshi. Minti 30 cif a kowane layi, a hankali, ɗaya na haska gaɓa ɗaya na rubutu. Minti 5 na farko ku kashe fitila ku yi shiru, ka kunna rikodar waya. Yawancin ƙananan kwaɗin nan za ka ji su kafin ka gan su, kuma kowane nau'i da kukansa. Wanda ka gani ka ɗauki hotonsa daga sama da kuma daga gefe, da ɗan tsinken ashana a kusa don a gane girmansa. In ka ɗaga dutse ko gungume ka mayar da shi yadda yake. Na tabkin Oku shi daga gaɓa ake ƙirga shi, kana haska ruwan da bai kai gwiwa ba, ba sai ka shiga ba. Sau ɗaya a wata ya isa, amma a ranar da aka tsayar, da damina da rani.

Da fensir za ka rubuta, biro na zuba in takarda ta jiƙe. Kowane shafi: kwanan wata, ƙarfe nawa, wa da wa suka je, an yi ruwa ko ba a yi ba, hazon ruwa ya sauka ko bai sauka ba, zafin iska, zafin ruwa, sannan abin da aka gani. Kuma in ba ku ga komai ba, rubuta sifili. Wannan ita ce aba mafi wuya a koya wa yara. Ɗalibaina in suka dawo hannu wofi sai su ji kunya su bar shafin fari, ko su ce gobe ma je. Shafin da ba a rubuta ba yana nufin ba a je ba. Sifili yana nufin an je, an duba minti 30, babu. Da tarin irin wannan sifilin aka san cewa kwaɗon dajin tabki ya ɓace, da babu shi da har yau cewa za a yi wataƙila ba a duba da kyau ba.

Ma'aunin zafi ka nemi irin wanda yake riƙe mafi zafi da mafi sanyi na yini. Rataye shi a inuwa, tsayin ƙirji, a bishiya ɗaya kullum. Na ruwa kuma a zurfi ɗaya, misali tsawon tafin hannu, ka bar shi minti 2 kafin ka karanta. Ka fi kula da awon asuba. Zafin rana kowa na jinsa, amma daren da ya daina yin sanyi kamar da, ma'auni kaɗai ke kama shi. In ka samu masu bincike sun ba ka 'yar na'urar nan mai kamar maɓallin riga da ke rubuta zafi kowace awa da kanta, ka karɓa hannu biyu, ka naɗe ta a leda ka ɗaure a saiwar bishiya. Ruwan sama kuwa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa: ajiye shi a fili, ka auna da safe ka zubar. Rubuta ranar ruwan shuka na farko da ranar na ƙarshe. A wajenmu damina takan kama daga tsakiyar Maris zuwa Nuwamba, kuma manoma su ne farkon masu gaya maka in ta yi wasa.

Kada ka raina waɗannan lambobi. A 2014 gidan namun dajin Landan ya zama na farko da ya samu kwaɗon Tabkin Oku ya hayayyafa a hannun mutane. Da farko 'ya'yan, waɗannan masu wutsiya, mutuwa suke yi. Abin da ya cece su shi ne awon da aka yi a bakin tabkin: ruwan Oku kusan ba shi da gishirin ma'adinai, sai da aka kwaikwayi irinsa sannan suka rayu, kuma sun shafe sama da wata 6 kafin su zama kwaɗi. Wani ne ya tsaya cikin sanyin asuba ya tsoma ma'auni ya rubuta. Ka kuma lura da wata 6 ɗin nan. Dabbar da ɗanta ke buƙatar rabin shekara a ruwa iri ɗaya ba ta da yadda za ta yi da ruwan da ke sauya hali.

Tambayi waɗanda suka riga ka

Littafinka yau ya fara, amma dutsen yana da masu tarihi. Masu zuma sun san watan da kowace bishiya ke fure, sun san shekarar da ta makara. Makiyayan da ke ciyawar sama sun san kowane marmaro da sunansa. Na taɓa zama da wani dattijon Bafulatani a bakin rugarsa, ya ba ni kindirmo, na ce, "Baffa, wannan idon ruwan da yana ƙafewa?" Ya nuna min wani dutse da sandarsa, ya ce yana yaro har nan laka take kaiwa da tsakar rani, saniya na nutsewa zuwa gwiwa. Na taka daga dutsen zuwa inda damshin ya tsaya a ranar, na rubuta yawan takun, na rubuta watan. Ba hujja ce ta kimiyya ba ita kaɗai, amma ta gaya min inda zan kafa ma'auni. Ka tambaye su abin da suka gani, kada ka sa musu amsa a baki. In ka ce, "Ai zafi ya ƙaru ko?" kowa zai ce maka e don kara.

Bayan shekara 3 ko 4 littafin zai fara magana. Duba ko kukan farko na damina yana matsawa gaba ko baya. Duba ko marmaron sama yana ƙafewa da wuri. Duba ko kwaɗon gari, mai kurajen bayan nan da ke kwana a ƙarƙashin randa, ya fara bayyana a layinka na tsakiya inda da babu shi. In ya bayyana, kafin ka ce zafi ne, ɗaga kai ka duba ko an sare bishiyoyin wurin, domin shi buɗaɗɗen wuri yake bi. Shekara ɗaya mara kyau ba komai ba ce, kwaɗi na yawa su ragu su sake yawa. Abin tsoro shi ne layin da ke sauka ba ya dawowa, da wurin ƙasa da ya yi shiru alhali na sama yana nan da kuka.

In ka tsinci matattu da yawa, ko masu gyambo a fata, ko wanda ka taɓa da tsinke ya kasa juyawa, ɗauki hoto, rubuta adadi da wuri, ka sanar da jami'in gandun daji da masu bincike a ranar. Tun 2006 ake samun irin wannan a Tabkin Oku. Kada ka kwashe su ka kai wani ruwa, kada ka hau wani wurin da takalmin ranar.

Abin da hannunka zai iya

Ni da kai ba za mu sanyaya sama ba. Hayaƙin da ya ɗumama ta ba daga Oku ya tashi ba, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna. Amma kwaɗon da zafi ya matsa wa, in aka sauke masa sauran kayan, yana iya kai labari.

Kifi shi ne na farko. Tabkin Oku ba shi da kifi tun asali, shi ya sa kwaɗon ya zama sarkin ruwan. Duk 'yan shekaru sai wani ya kawo shawarar a zuba kifi don jama'a su samu nama. Niyyar mai kyau ce, yunwa gaskiya ce, amma bokiti ɗaya na tarwaɗa ko karfasa zai iya gama abin da zafi zai ɗauki shekaru yana yi, kuma ba a kwashe kifi daga tabki mai zurfin mita 50. In ka ji maganar a taro ka tashi ka yi bayani, ka kawo shawarar kududdufin kiwo a ƙasa, nesa da tabkin.

Sai inuwa. Ruwan da ke ƙarƙashin bishiya ya fi na fili sanyi, ka auna da kanka ka gani. Dajin Kilum-Ijim da ke kan Dutsen Oku da kewayensa, kusan hekta 20,000, shi ne mafi girman abin da ya rage na irin dajin nan a Afirka ta Yamma, kuma tun 1987 jama'ar ƙauyukan da ke kewaye suke aikin kare shi. Ƙungiyar CAMGEW ta Oku ta daɗe tana dasa itatuwan asali tana koyar da kiwon zuma. In za ka dasa, dasa na asalin wurin, irin waɗanda ƙudan zuma ke bi su ba da farar zumar da tun 2013 take da rajistar sunanta. Kada ka dasa bishiyar turare a bakin marmaro. Mu mutanen Kumbo mun ga yadda take shanye idon ruwa, mutanen Mambila ma sun gani.

Wuta kuma tana da lokaci. Daga Disamba zuwa farkon Maris ciyawar sama busasshiya ce, tartsatsi ɗaya daga hayaƙin mai ɗiban zuma ko mai neman sabon tsiro ya isa. Ku share layin tare wuta kafin hunturu ya kankama, kuma ku yi shi tare da makiyaya da masu zuma, ba a bayan idonsu ba. Na ga inda aka kafa shinge a marmaro ba a yi shawara da masu shanu ba, bai yi wata biyu ba. Na ga inda aka zauna da arɗo aka ja ruwa da tiyo zuwa kwami ɗan nesa, shanu suka sha, lakar bakin marmaron ta huta. Manoman dankali kuwa roƙo ɗaya ne: kada a wanke famfon feshi a ƙorama, a ɗebi ruwa a je tudu.

In kana magana da mutanenmu, ka tuna musu abin da suka riga suka sani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. Na karanta wannan a aji, kuma yaran da ke jifan kwaɗi a bakin rijiya su ne suka fara neman in sa su a zagayen dare.

Littafin kada ya zauna a hannunka kai kaɗai. Ƙarshen kowane wata ka ɗauki hoton shafukan, ka ba abokin zagayenka kwafi, ka ajiye ɗaya a makaranta. Hotuna da kukan da ka naɗa ka ɗora su a iNaturalist, manhajar tattara bayanan halittu, masana za su taimaka da sunaye, kuma manhajar tana ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari. Kai ma kada ka wallafa wurin a Facebook. Ka koya wa mutum biyu da suka fi ka ƙuruciya inda duwatsun alamarka suke, ka taka layin da su har sai sun iya shi ba tare da kai ba, su ma su rubuta sunansu a shafin farko ƙarƙashin naka, da ranar da suka fara.